Rubutu a Kan Fuskar Baba

Litinin, 3 ga Maris

"Yaya, ki kwantar da hankalinki, jibi Mama za ta karanta abinta." Auta ne ya faɗa da bakinsa, yau wata uku ke nan. Shafin intanet da ya haɗa na wasiƙun marigayi Baba har yanzu a hargitse yake. A wayar Mama rubutu ya hau kan hoton Baba, ya rufe masa ido da baki. Hula kawai ake gani.

Laraba, 5 ga Maris

Na kira Auta. "Ni fa a kwamfutata lafiya lau yake buɗewa." Na ce to, sai mu ɗauki Mama mu zuba ta cikin kwamfutarka. Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Kamfanoni yake gina wa shafi, na uwarsa ne ya gagare shi.

Asabar, 8 ga Maris

Na gwada da kaina. A wayata daidai. A kwamfutar laburaren da nake aiki, burauza biyu, wato manhajar buɗe shafi, daidai, ta ukun hoton ya ɗan zame hagu, ba laifi. Wayar Mama kaɗai. Auta ya ce burauzarta ce ta tsufa, a sabunta. Na sabunta. Baba na nan a rufe.

Talata, 11 ga Maris

Ban leƙa gidan Mama ba. Ɗakin nan babu tarin Baba, ba na iya zama.

Alhamis, 13 ga Maris

Na gano. Na shiga saitin wayarta, na tarar an kai girman rubutu ƙarshe, babu gaba. Shi kuwa Auta ya yanka wa kowace wasiƙa akwati daidai idonsa, mai tsayin da ba ya miƙewa. Haruffa suka kumbura, suka tumbatsa kan hoton. Na rage girman, shafi ya zauna tsaf, ga Baba yana murmushi. Na miƙa mata ina washe baki.

Ta kai wayar har hancinta. Ta daɗe. "Wannan wasiƙar ta wace shekara ce, 'yar nan?"

Hoton take nunawa.

Na ce tun yaushe idon ya zama haka, Mama? Ta ce tun kafin rasuwar. Baba ne yake karanta mata komai, har takardar magani. "Kuna da ayyukanku."

Ni da nake wuni ina miƙa wa baƙi littattafai.

Lahadi, 16 ga Maris

Auta ya fashe da kuka a waya. Faɗan da na shirya masa ya maƙale. Na ce share hawayenka, ka saki akwatunan nan su bi girman rubutu, ko da kalma uku ce za ta cika allon.

A wurin aiki na nemi in riƙa tashi ƙarfe huɗu. Na ce saboda cunkoson hanya.

Na ba Auta zuwa Juma'a. Ya gyara ko bai gyara ba, ranar Asabar zan kwance ƙunshin wasiƙun na takarda, in zauna kusa da ita in karanta mata da bakina. Arba'in da ɗaya ne. Ɗaya a rana. In ta ce in maimaita, in maimaita.