Katangar Sauke Kaya ta Tsohuwar Kasuwa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Raya Tsohuwar Kasuwa, Birnin Gwari.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa gare ka da sauran 'yan kwamiti, ina neman afuwa da na biyo ta jarida. Ta ofis na fara bi. Ranar Litinin akawunku ya zaunar da ni, ya shimfiɗa taswirar gyaran kasuwar da wani Bature ya zana, ya daɗe yana yi mini bayanin amfanin miƙaƙƙen layi. Ya ce tun da na yi jami'a a Kudu, ni ya kamata in fahimtar da tsohuwata. Na gwada kuwa. Ita ta fahimtar da ni.

Sunana Hauwa'u, malamar makaranta ce ni. Mahaifiyata, wadda aka sani da Inna Mai Kaɗe, man kaɗanya take sayarwa a rumfar da ta gada wurin uwarta. Lokacin da titin mota ya zo, 'yan tireda suka kwashe suka koma inda lori ke tsayawa, ita da wasu tsofaffi suka ƙi tashi. Shi ya sa da aka ce za ku raya wurin, ta yini tana sa muku albarka.

A wannan kasuwa na yi wayo. Ko idona a rufe nakan san inda nake. Ƙarar guduma daga yamma, maƙera ke nan, can ƙarshe inda iska ke tafiya da hayaƙinsu. Masu daddawa suna nesa da Fulani masu nono, don nono ba ya son maƙwabci mai wari. Mu kuma muna gindin tsamiya, tukwanenmu binne a ƙasa har wuya, man yana kwance da sanyinsa ko da rana ta take. Layin a karkace yake, na yarda. Amma duk inda ya karkata, akwai abin da yake kaucewa.

Ga abubuwan da nake kuka da su.

Na ɗaya, katanga. A mashigar kasuwa akwai wata guntuwar katangar laka, tsayinta daidai kafaɗar mace. Duba-gari ya ce matattarar ƙadangaru ce, aka rushe ta cikin safiya ɗaya. Ranka ya daɗe, kai ɗan garin nan ne, ka san matan Gwari a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Sukan fito daga daji tun asuba da masaki cike da ƙwallon kaɗanya. In sun iso, sai mace ta jingina da katangar, ta zame masakinta a bisanta, ba ta durƙusa ba, ba ta nemi mai sauke mata ba. A nan ake ciniki, a nan ake shan ruwa, Hausa da Gwaranci suna cakuɗe. Akwai wata Ladi daga wajen Gwaska, ita ke kawo wa Inna ƙwallo tun kafin a haife ni. Ran kasuwar da ta wuce ta zo, ta tsaya da kayanta a kafaɗa tana dube-dube, gwiwoyinta kuwa sun daina lanƙwasuwa don tsufa. Ta gaida Inna daga tsaye, ta wuce bakin titi, inda akwai wani kututture. Sauran suka bi ta. In babu ƙwallo, babu mai.

Na biyu, ƙuri'a. Kun ce don adalci za a raba sababbin rumfuna ta hanyar jefa takardu a hula. Hular ta yi adalci ƙwarai, ta ajiye mai man kaɗanya bango ɗaya da wutar Baba Ɗanjuma maƙeri. Shi kansa ya zo ya ba Inna haƙuri, yana cewa rabon da ya ji kunyar zugazuginsa tun yana ɗan koyo. Kafin azahar man ya zama ruwa.

Na uku, an dafe ƙasa da siminti, an rufa sama da kwano. Ba a binne tukunya a siminti. Wannan ma ban ga laifin Bature ba, ban jin ya taɓa sayen man kaɗe.

Ba na cewa a mayar da komai yadda yake da. Magudanar ruwan da kuka yi ta yi kyau, a da mun sha tsoma ƙafa a taɓo a wurin nan da damina. Roƙona guda uku ne. A sake gina katangar, laka ce kawai da yini biyu, a kuma auna ta da kafaɗar Ladi, ba da awon ofis ba. A bar masu rumfuna su yi musaya a tsakaninsu, sun san wanda zai iya zama kusa da wa. A fasa simintin rumfa ɗaya a gindin tsamiya.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya sa a tuna da aikinka da alheri, Ya ba ka masu gaya maka gaskiya tun kafin a kwaɓa siminti.

Jiya da la'asar Inna ta kwashe tukwanenta. Ta share rumfar tas, ta ja ƙofar ta rufe, ƙofa mai kyau, har da kwaɗo. Ta miƙo mini mabuɗin ta ce in mayar muku da abinku, ta kama hanyar gida ba ta waiwaya ba. Ban mayar ba tukuna. Zan riƙe shi har sabuwar kaɗanya ta fara zuba, ko za a gyara kafin nan.

Wassalam.

Hauwa'u, 'yar Inna Mai Kaɗe,
Magajin Gari, Birnin Gwari.