Hannu Uku a Gwangwani Ɗaya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aiki, yaya kewar gida? Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya raya mana zuri'a. Mu nan sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, Auta ta gama jarrabawa tana ta cika mana baki tun sakamako bai fito ba. Goggo kuwa tana nan tare da mu tun ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, kuma kin san halinta, tuni ta ƙwace kicin daga hannun Umma. Ni ma ina nan ina fama da famfunan mutane. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannun nan ya fi sabawa da sifana a kan biro.

Abin da ya sa na zauna rubutu maimakon in kira ki, maganar ba ta waya ba ce. Gidanmu in ka yi tari a ɗaki, na tsakar gida zai ce maka sannu. Na ji saƙon da kika bar min kina kuka, kina cewa Baba ya daina ɗaukar wayarki, ko yana fushi ne don ke kika matsa a yi masa aikin rage tumbi saboda ƙibar da ta hana shi tafiya. Yaya, ki share hawayenki. Ba fushi ba ne, kunya ce. Cikin Baba ne ya ɗaure bayan aikin, ya kasa bayan gida, kuma ya san duk gidan nan ke kaɗai ce za ki tambaye shi kai tsaye ba kwana-kwana. Shi ya sa in ya ga sunanki a waya sai ya kifa ta a kan teburin ɗinki.

Ni ma ba wanda ya gaya min. Kin tuna koriyar butarsa ta ƙofar banɗaki, wadda ba mai taɓa ta sai shi? Har yau ni nake cika ta da safe kafin in fita. To sai na lura Baba zai shiga ya daɗe, ya fito yana share gumi, ya dafa bango, amma butar kusan yadda na cika ta haka take. Keken ɗinkinsa ma ya yi shiru. Zai zauna a kai ya zura zare, sai ya tashi ya koma kujera yana shafa ciki. Wata rana na ji yana gaya wa Umma a hankali cewa in dai wuƙa za a sake sa masa, gara a bar shi da abinsa, ba zai koma asibitin nan ba. Wannan magana ita ta tayar min da hankali.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ga magani a gida. Ina nufin garin nan mai kama da dusa da kika aiko, wanda nas ta kira faiba, ta ce a riƙa dama masa kaɗan don ya taimaka wa hanji, tunda abincinsa yanzu ɗan romo ne da madara, ga ƙwayar ƙarin jini mai busar da ciki. Da na ɗaga gwangwanin sai na ji ya yi sakayau, ya wuce rabi, alhali ba a daɗe da buɗe shi ba. A ranar kuma na tsinci wani kofi a bakin taga, Baba ya sha rabi ya manta da sauran. Yaya, abin da ke cikin kofin ya kumbura ya daskare, na soka cokali ya tsaya cak da kansa. Na daɗe ina kallon cokalin nan. Na ce a raina, in wannan ne ke shiga bututu ba ruwa a bayansa, ai ko ni aka kira gyara sai na yi gumi.

Washegari na ƙi fita aiki, na ce kaina ke ciwo, na zauna a tsakar gida ina wanke kayan aikina ina satar kallo. Da safe Umma ta dama garin ta kai masa ba tare da ta gaya wa kowa ba. Da rana, Umma na shiga wanka, Goggo ta leƙa dama da hagu, ta cika cokali har da tozo, ta dama da kauri ta kai masa. Da yamma ga Auta ita ma da nata kofin, tana ɓoye shi a bayan littafi. Ashe dukansu sun gane halin da yake ciki, kowacce kuma tana jin nauyin furta maganar bayan gidan Baba ga 'yar'uwarta, sai ta yi nata taimakon a ɓoye. Shi kuma kin san ƙa'idarsa tun muna yara, abin da hannu ya miƙo da kyakkyawar niyya ba a mayar da shi. Ya karɓa, ya yi bismilla, ya shanye, ya sa albarka. Sannan ga babbar matsalar: nas ta ce kada ya haɗa ci da shan ruwa lokaci ɗaya, ya bar tazara a tsakani. Umma ta ɗauka ruwan ne gaba ɗaya ke da haɗari ga ɗinkin da aka yi masa a ciki, ta kwashe duk wata gora daga ɗakinsa, tana ba shi kamar ana ba jariri. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na rasa ta inda zan ɓullo wa Baba. Daga ƙarshe na shiga ɗakin ɗinki da kofin nan a hannuna, na durƙusa na gaishe shi, na fara ba shi labarin wani gida da na je gyara, inda kowa ke zuba abu a bututu ba mai bin sa da ruwa. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya kalli cokalin da ke tsaye, ya ce shi dai a saninsa tela ya haifa masa ɗa, ba bututu ba, kuma in ina da magana in faɗe ta in daina zagaye. Na faɗa. Na zaci zai kore ni. Can ya tambaye ni ko yanka shi za su sake yi. Na ce ban sani ba, amma masu sani suna can, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ya ce in ɗauko masa hularsa.

A asibiti nas ɗin ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta tambaye shi ko yana amai, ko ciwon na murɗa shi sosai, ko iska na fita. Baba ya amsa duka yana kallon silin kamar a can aka rubuta amsar. Likita ya danna cikin, ya duba, ya ce Allah Ya taimake mu hanjin bai toshe ba, amma da mun ƙara ja da abin zai iya zama wani labari. Ya ba shi maganin tausasa ciki, ya ce a ajiye garin tukuna. Nas ta yi mana bayani dalla-dalla: garin nan ruwa yake sha, in bai samu a kofi ba zai nema a ciki. In za a dawo da shi, a fara da ɗan kaɗan, a dama shi tsararo, a sha kafin ya yi kauri, a yini ana kurɓar ruwa, a kuma riƙa taka ƙafa. Ta ƙara da cewa mutum ɗaya ne zai riƙa bayarwa, kuma in amai ko ciwo mai tsanani ya zo, kada mu tsaya shawara, mu taho.

Da muka dawo na tara su na faɗi abin da na gani. Umma ta rufe fuska da gyale tana salati. Auta ta fashe da dariya har da riƙe ciki, sai da aka harare ta. Goggo kuwa ta ce ita ta goya Baba a bayanta tun ba shi da haƙori, ba ɗan gyaran famfo ne zai koya mata jinya ba. Amma da kanta ta miƙo min gwangwanin. Yanzu yana cikin akwatin kayan aikina da kwaɗo. Umma ta koma bin Baba da gorar ruwa duk inda ya zauna, har yana cewa da an hana shi, yanzu kuma ana neman nutsar da shi. Da yamma ni da shi muna takawa zuwa bakin titi mu dawo. Jiya har mun wuce shagon mai aski bai nemi wurin zama ba.

Sannu ba ta hana zuwa, Yaya. Wata safiya ina ɗaure takalmi sai na ji Baba ya ƙwala min kira da muryar nan tasa ta da. Na fito na same shi a ƙofar banɗaki yana kaɗa koriyar butar, ba ko ɗigo a ciki. Ya ɗaure fuska ya ce wai me nake yi a gidan nan da za a bar buta ba ruwa. Umma ta juya tana kallon bango, tana ƙunshe dariya. Goggo ta ce alhamdulillahi da ƙarfi, sannan ta ce wai da shayinta take. Ba a jima ba muka ji ƙarar keke. Wandunansa yake ragewa, don duk sun yi masa yawa. An dawo da garin kaɗan-kaɗan yadda aka ce, kuma butar nan ba ta sake kwana a cike ba. Kada ki aiko da wani gwangwanin yanzu, wannan zai daɗe tunda hannu ɗaya ke shiga.

Ki gaishe min da maigidanki da kyau, da Takwaran Baba, da 'Yar Lele, ki ce mata kawunta bai manta da alkawarin 'yar tsana ba. Umma, Goggo da Auta duk suna gaishe ku. Baba ya san ina rubuto miki. Ya ce in gaya miki ki kira shi, zai ɗauka, kuma Allah Ya yi miki albarka da kika tsaya a kan maganar aikin nan. Sharaɗinsa ɗaya ne: ki tambaye shi ɗinki, ki tambaye shi ƙafa, amma maganar buta ki bar wa mai gyaran famfo.

Allah Ya sada mu da alheri.

Naki ƙane,
Ɗan Famfo