"Sorry" ta waya

Laraba, 14 ga Agusta

Na dawo daga Basirka, ƙuguna kamar ba nawa ba saboda babur.

Tun da na ƙi zuwa sunan 'yar Yaya Sabo ya daina ɗaga wayata. Da safe na nuna wa Inna saƙon da na tura masa: "sorry". Ta ce mene ne shi? Na gyara zama, ni malamin Turanci. Na ce ana faɗarsa in ka taka mutum a mota, ko yaro ya yi tuntuɓe, ko ka yi wa wani laifi.

Ta ci gaba da tsince wakenta. Can ta ce, "Kai Habu, ashe abin da kake ce wa baƙo a mota shi ka aika wa yayanka? Tashi ka kai masa da ƙafarka."

Na je gidansa a Basirka, na cire takalmi, na durƙusa. Kafin in gama magana Yaya ya miƙo min jaririyar.

Shekara tara ina koyar da kalmar nan. Inna ba ta iya ko furta ta ba, amma ta riga ni sanin inda kalmar ba ta isa ba.