Zuwa Ga Farfesan da Lissafi Ya Kuɓuce Wa

Ya hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin da nake bi da ƙishi tun ina budurwa, mijina Farfesa,

Likita ya ce har yanzu kana iya karatu, sai dai abin da ka karanta ba ya kwana a kanka. Shi ya sa na rubuta maka wannan, zan ajiye kusa da maganinka.

Ka tuna ranar da muka haɗu a ɗakin karatun jami'a, kana ɗalibi, alli ya ɓata maka hannun riga? Ka ce min lissafi ne kaɗai ba ya ƙarya. Na dube ka yadda busasshiyar ƙasa ke duban hadari. Na ajiye karatuna na bi ka. Da yatsun nan na buga maka kundin digirinka na uku, ina goye da ɗanmu.

Wa ya kai ka haske, tauraron zuciyata? Wa kuma ya kai tauraro nisa? Ranar da ciwo ya kwantar da yaron, kana da taron masana a ƙasar waje. Na riƙe jakarka a bakin ƙofa, ka zare hannuna a hankali ka ce, "Kwantar da hankalinki, zazzaɓi ne kawai." Ƙannenka ne suka kai shi makwancinsa. Kai kuma ka dawo da lambar yabo, ka rataye ta a falo. Ranar laccar zamanka farfesa ka gode wa malamanka da ɗalibanka, har da mai share maka ofis. Ina layin gaba, na yi ta tafi har hannuna ya yi zafi.

Yanzu ga ka nan, zumata. Allon ɗakinka cike da lambobin da kai ma ba ka san inda suka dosa ba. Kullum da safe sai ka sa kwat, ka ɗauki alli, ka tambaye ni ko mota ta zo, ɗalibai na jira. Yayarka ta roƙe ni in riƙa ce maka ana hutu. Yaya zan yi wa masoyina ƙarya? Sai in gyara maka wuyan riga, in ce ka yi ritaya, an cire sunanka daga ƙofa, ɗalibinka ne a kujerarka. Can kuma ka tambaye ni ina yaronmu. Wannan ma in gaya maka. Sai ka fashe da kuka kamar yau aka yi rasuwar, ni kuma in share maka hawaye da bakin mayafina. Shekara da shekaru ina jiran kukan nan, ga shi ina samunsa kowace safiya.

Danginka na so su ɗauke ka. Ba inda za ka, abin ƙaunata. Ni zan yi maka wanka, in ba ka abinci a baki, in kwana a gefenka har numfashin ɗayanmu ya ƙare. Gobe ma, in ka tambaya, zan amsa maka.

Taka har abada,
Matarka