Ba Zan Kawo Ilinca Yankan Ciyawa Ba

Ƙanwata Profira,

Gaisuwa daga birnin Turin. Ya ƙafar taki, ya tumaki? Ni ƙalau nake, sai dai kujerar asibiti ta gama da bayana. Surukina ke rubutawa, amma bakina ne.

Wai in dawo da 'yata Ilinca yankan ciyawa, ki jefa garwashi a ruwa ta wanke ido, wai kambun baka ne. Ba zan kawo ta ba! Likita ta ce lupus ne: garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar ta, har ta kumbura jijiyoyin idonta. Na hagun ya riga ya dushe. Rana hura ciwon take yi, ke kuma gona kike kiran ta!

Kin manta, ni ban manta ba. Jan tabon nan da ke kumatun Ilinca, uwarta ma ta yi shi. Garwashi tara kika jefa, ni na riƙe kwanon, washegari muka mayar da ita rana. Tana zaune a coci ranar auren Ilinca, amma ba ta ga amarya ba, ta riga ta makance.

Ki bar ciyawar ta ruɓe! Ki aiko mini da cuku. Allah ya tsare ki.

Yayanki,
Gavril