Kabeji a Lagireto

Baba,

Ƙarfe bakwai, ana yayyafi, kana barci ban tashe ka ba.

Abin da ka juye jiya a lagireton motarmu mai ɗaki ba ruwan sanyaya inji ba ne, ruwan tsamin kabejin Mama ne. Maƙwabcinmu Velibor ya sunsuna ya ce, "Radoje, injin dizal ne ko tukunya? Kawo burodi!"

Na tsiyaye, na ɗauraye da tiyo har ya fito garau. Kada ka tayar da motar sai na kawo sabon ruwa, in dai kana son zuwa teku gobe.

Mama ta nemi jarkarta ta ruwan tsamin, na ce ni na yi tuntuɓe da ita ya zube. Na riga na sha faɗan, ka fito abinka.

Radoje