Kan Kifi Ya Kalli Epeli

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma baƙar motar gwamnatin Sin ta zo ɗaukar Epeli. Gida ɗaya muke haya a nan Beijing, ofishin jakadancinsa a sama, nawa a ƙasa. Tsibiranmu ma maƙwabta ne. Sai dai nasu Allah ya ba shi gaɓa mai zurfi da manyan jirage za su iya tsayawa, namu kuwa daga kifi sai kwakwa. Abin da aka aiko ni nema bai wuce izinin sayar da kifinmu a kasuwannin Sin ba. Kullum Mista Gong na ma'aikatar ciniki sai ya ce, "Ana dubawa, ranki ya daɗe."

Alhamis, 6 ga Maris

Liyafa. Da aka kawo kifi sai aka juya teburin har kansa ya kalli Epeli, wato shi ne babban baƙo. Ni wutsiya ce rabona. Mutumin da na sani ba takalmi a makarantar mishan! Har da leƙowa: "Yaya Losaline, ci mana, ko sai na ruwanku?" Na yi dariya, amma kamar na haɗiye ƙaya.

Juma'a, 14 ga Maris

Firayim Minista ya bugo daga gida. "Maƙwabta za su sami tashar jiragen ruwa, ke me kika samo?" Na ce a ƙara haƙuri. Ya ce masunta ba sa soya haƙuri. In shekara ta raba babu izini, in tattara kayana.

Laraba, 19 ga Maris

Sabuwar kwat ma Epeli ya ɗinka. Ina jin takunsa a saman kaina, har takun haushi yake ba ni. Kishi ne, na sani. To?

Lahadi, 30 ga Maris

Bayan coci Epeli ya sauko da tukunyar gwaza da madarar kwakwa, irin dahuwar gida. Jiya aka sa hannu a kan yarjejeniyar tashar jiragensu. Na yi ta gwada yadda zan ce barka ba tare da muryata ta tona ni ba, ashe ba a bukata. Ko loma bai kai baki ba.

Wai injiniyoyi sun zaɓi gaɓar ƙauyensu, nan ne ruwan ya fi zurfi. Za a tashi gidaje har da maƙabarta. Hayar gaɓar da aka ba Sin kuwa sai jikokinsa sun yi furfura kafin ta ƙare. Tsohuwarsa ta kira shi, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, tambayo min masu jirgin, ina zan kai babanku?"

Na ce, "Kai kuma ba ka da bakin cewa a'a?"

"Haba Yaya. In baki ya ci, ai ido sai ya ji kunya."

Na zuba masa shayi, ya bari ya huce. Ban san me na ji ba. Ba daɗi ba ne dai, ko da yake na ɗauka zan ji.

Talata, 1 ga Afrilu

Mista Gong ya kira da kansa, murya kamar zuma. Izinin kifi ya kusa fitowa. Suna so kawai mu ɗan tattauna a kan ƙaramin tsibirinmu na arewa, gobe, wajen cin abincin rana.

Na ce mura ta kama ni, a bari sai wani makon.

Lafiyata ƙalau.